Ta'aziyyar da Muka Kai Gidan Condy

Tullybane, Donegal
26 ga Maris, 2020

Zuwa ga Gwaggo Fidelma,

Gaisuwa mai yawa daga gida, da fatan kina lafiya, gwiwar kuma ta yi sauƙi. Nessa ce, 'yar Conal, jikar yayanki Manus. Rabonki da ni tun ina shekara tara, ranar da na ɓuya bayan labule don kada in gaishe ki. Yanzu shekarata sha shida. Baba ne ya ce in riƙa rubuta miki, tunda kunnenki ba ya ɗaukar waya, shi kuma biro ba ya zama a hannunsa.

Duk muna lafiya. Mako biyu ke nan da rufe makaranta saboda korona. Tumaki sun fara haihuwa, Baba yana wurinsu wuni guda. Mama tana zuwa aikinta a gidan kula da tsofaffi, kuma ta koma kwana a ɗakin nan mai taya da ke bayan gida, wanda muke saukar da baƙi a ciki lokacin zafi. Ta ce gara haka da ta kwaso mana wani abu. Ina ajiye mata abinci a kan matakala, mu ɗaga wa juna hannu.

Kaka ma ni ke kai masa abinci. In ajiye a bakin taga in ƙwanƙwasa gilashi. Kullum sai ya buɗe ƙofa ya ce, "Shigo mana 'yar nan, ruwan shayi ya tafasa." In ce, "Kaka, an hana." Ya ce, "Wa ya hana? Shekara tamanin da uku ban taɓa barin mutum tsaye a ƙofata ba, sai yanzu wani yaro mai kwat a talabijin zai koya mini tarbiyya?"

Akwai labari marar daɗi. Condy McHugh ya rasu ranar Lahadi. Zuciya ce, ba wannan ciwon ba. Ba a yi zaman makoki ba, takarda aka manna a ƙofa cewa kada kowa ya shiga. Ɗansa Declan ya samu ya iso daga Landan wurin mahaifiyarsa Sadie. Baba da maza uku ne suka haƙa kabarin, kowa nesa da ɗan'uwansa. Baba ya hana Kaka sauka, ya ce ko ƙofar gona kada ya wuce. Kin san Kaka bai taɓa fashin jana'iza a garin nan ba. Na same shi zaune bakin taga da hula a kan gwiwa, ko abincin bai duba ba.

Ni kuwa karatu nake ta yi. Motar laburare ta zo ana saura kwana biyu a rufe komai, na ari littattafai bakwai, duka na soyayya, kowanne na karanta sau biyu. Kada ki yi mini dariya. Abin da ke burge ni shi ne mutanen ciki suna iya faɗin abin da ke ransu, a tsaye, ko da ruwa na dukansu. Ni ko burodi aka aike ni sai na yi ta maimaita maganar a hanya.

Akwai abin da na yi ranar Talata wanda Baba bai sani ba. Na je inda bai kamata in je ba, tare da wanda ba na iya ce masa a'a. Minti goma ne kawai. Don Allah kada ki ɗaga maganar da Baba. So nake in faɗa wa wani, ke kuma kina nesa.

Taki,
Nessa


Glasgow
4 ga Afrilu

Nessa 'yar albarka,

Na gode da wasiƙa, rubutunki ya fi na ubanki nesa ba kusa ba. Ina lafiya, gwiwa tana nan yadda kika san gwiwar tsohuwa. Wasiƙarki ta kwana uku cikin gwangwanin biskit kafin in buɗe ta. Haka nake yi wa duk takardar da ta shigo ta ƙofa, don in akwai ciwon a jikinta ya mutu can ciki. Maƙwabciyata Ishbel tana kawo mini cefane, ta ajiye ta ja da baya kamar ta ba kare mai cizo abinci.

Allah ya ji ƙan Condy. Shi ya taka mini ƙafa a rawar ƙarshe da na yi a gida, makon da zan taho aiki nan ina 'yar sha bakwai. Yatsan bai sake daidaita ba. Ki gaishe mini da Sadie daga nesa. Ki ce wa Manus ya zauna wuri ɗaya, duniya ba za ta tashi ba don an binne mutum ɗaya babu shi.

Yanzu ga zancen da na fi so. Ɗan gidan wa ne? Yarinya mai littafin soyayya bakwai ta ce mini ta je wani wuri da wanda ba ta iya ce masa a'a, ta ɗauka ban taɓa zama budurwa ba? In ɗan gidan Boyle ne, ki dubi kunnuwan ubansa tukuna, haka nasa za su zama. Bakina a rufe yake. Amma ki koyi cewa a'a, 'yata, tun kafin ki buƙace ta da gaske. Kuma a wannan zamanin ko hannu kada ki ba shi.

Uwarki kuwa ina jinjina mata, amma hankalina bai kwanta ba. Shiga cikin tsofaffi marasa lafiya kullum, sannan a dawo gida. Noreen 'yar Cork ce, su ba a gaya musu magana, na san wannan tun ranar bikinta. Ta dai yi nesa da gidan Manus.

Gwaggonki,
Fidelma


Tullybane
16 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki ta'aziyya. Na san Baba ya kira Ishbel ta gaya miki. Ni da Baba lafiyarmu ƙalau, Mama ta yi tari kwana huɗu ya wuce. Wasiƙarki ta zo Kaka yana asibiti, ban iya ba ki amsa ba. Babu wani yaro, Gwaggo. Da ma a ce shi ne.

Na ga ya kamata wani ya ba ki labarin yadda aka yi, tunda ba ki samu zuwa ba.

Ranar ɗaya ga wata na kai masa abinci bai buɗe ƙofa ya ce in shigo ba. Daga nan na san ba lafiya. Kwana huɗu bayan haka motar asibiti ta zo, mutum biyu sanye da fararen kaya har fuska suka fito da shi. Ya ce a ɗauko masa hularsa, suka ce ba ya buƙata. Ba mu sake ganinsa ba. Wata nas ta riƙe masa waya a kunne ranar Juma'a, Baba ya yi masa zancen tumaki, ya gaya masa tunkiya mai baƙin kunne ta haifi uku. Ranar Asabar da hantsi ya cika.

A rufe aka kawo akwatin, ba a shigar da shi gida ba. Motar gawa ta tsaya a ƙofarsa na ɗan lokaci, injin yana aiki, sannan ta wuce. Mutum goma aka yarda su shiga coci. Ina cikinsu. Mama ba ta ciki, tana killace saboda tarin, a ƙofar ɗakinta ta tsaya da takunkumi a fuska.

Amma Gwaggo, da kin ga hanya. Tun daga gadar dutse har coci, kowane gida sun fito sun tsaya a ƙofar gonarsu, maza sun cire hula, ba mai magana. Tsohuwa Annie Rua an fito da ita a kujera an lulluɓe ta da bargo. Masunta sun jera a bakin gaɓa. Ba wanda ya matso, ba wanda ya riƙe hannun Baba. Yana tafe bayan motar hannayensa na reto, ya sa su aljihu ya fitar, ya rasa inda zai kai su. Ƙofar Sadie ce kawai babu kowa, ita ma tana asibiti da ciwon. Declan ya tsaya can bayan katanga. Da muka dawo gida babu ko mutum ɗaya, babu mai dafa shayi, babu mai ba da labarin Kaka. Baba ya wanke kofi biyu ya koma wurin tumaki.

Gidanmu ba daɗi. Ana saura kwana huɗu Kaka ya kwanta, Mama ta shiga wurinsa ta wanke masa gyambon ƙafarsa, don mai zuwa yi masa ta daina zuwa. Da takunkumi da safar hannu ta shiga. Bayan haka ciwon ya ɓulla a wurin aikinta. Ranar da motar asibiti ta tafi da Kaka, Baba ya tsaya a tagar ɗakinta ya ce, "Na ce miki kada ki shiga." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma tun ranar bai sake yi mata magana ba.

Ni na san ta inda ciwon ya samu Kaka. Daga gidanmu ƙafar ta fito. Ba zan iya rubuta fiye da haka ba yau.

Nessa


Glasgow
25 ga Afrilu

'Yata Nessa,

Ina lafiya, in dai ana kiran wannan lafiya. Sannu da rashi, ke ma kakanki ne.

Ishbel ce ta amsa wayar. Ta rubuta a bayan ambulan ta manna a gilashin ƙofata. Na tafi neman tabarau, na dawo tana tsaye tana kuka, tun kafin in karanta na gane. Ranar jana'iza na sa baƙin kwat ɗina da takalmi, na tsaya a kicin ƙarfe sha ɗaya ina fuskantar yamma, inda gida yake, har ƙafa ta gaza. Mu bakwai uwarmu ta haifa, yau saura ni. Babu sauran mai tuna sunan karen da muka yi muna yara.

Na gode da labarin hanya. Na karanta shi sau shida, na ga kowace ƙofa.

Maganarki ta ƙarshe na gane ta, ba sai kin kama suna ba. Bai kamata a bar yarinya da irin wannan nauyi ba, ta ga gaskiya da idonta kuma ta kasa faɗi don uwa uwa ce. Na faɗa tun farko. Mace tana fitowa daga gidan da ciwo ya cika, ta shiga wurin tsoho mai shekara tamanin da uku, don ita ta fi kowa sani. Na rubuta wa Conal yau, ban ɓoye masa komai ba, na ce har 'yarsa ta san daga ina abin ya fito. Ke ki kwantar da hankalinki, ba laifinki ba ne.

Fidelma


Tullybane
1 ga Mayu

Gwaggo,

Ina fatan kina lafiya. Mu ma jikinmu lafiya.

Ba Mama nake nufi ba. Ni nake nufi.

Wasiƙunki biyu tare suka iso jiya. Baba ya karanta tasa a tsaye, ya dube ni, ya ninke ta. Ya hau sama ya zuba kayan Mama a jaka biyu ya kai ya ajiye a matakalar ɗakinta. Kwanakin killacewarta sun cika tun makon jiya, da ma jira take a ce ta shigo. Ta buɗe ƙofa ta ga jakunkunan, ta shigar da su. Yau na ji tana waya da 'yar'uwarta, tana cewa in an buɗe hanya za ta sauka Cork. Kuma yanzu tana ganin ni na ce ita ce.

Ga abin da ya faru ranar Talatar nan da kika ɗauka yaro ne.

Na kai wa Kaka karin safe na same shi ya sa baƙin kwat ɗinsa na coci, ya aske gemu. Ya ce, "Nessa, zo ki riƙe ni mu sauka. Ta bayan gonaki za mu bi." Na ce, "Kaka, Baba zai yi faɗa." Ya ce, "Babanki yana maƙabarta yana haƙa. Condy ne ya ɗauki akwatin gawar kakarki a kafaɗarsa. In ban je na ga Sadie ba, da wane ido zan dube shi in na same shi can?" Na ce, "To nesa-nesa za ka tsaya." Ya ce, "Nesa-nesa, ranki ya daɗe, likita."

Na riƙe shi muka bi ta hanyar bayan gidan Sadie, babu wanda ya gan mu. Ta fito ƙofar kicin, Declan yana bayanta. Yana tari, ya ce iskar jirgi ce. Kaka ya tsaya nesa kamar yadda ya yi alkawari, amma tsayuwar ba ta wuce numfashi biyu ba. Sadie ta ce, "Manus," sai ya saki hannuna ya tafi ya kama hannunta da nasa biyu ya ce, "Sannu da rashi, Sadie." Ya ba Declan hannu, Declan ya rungume shi yana kuka a wuyansa.

Akwai kwalbar man wanke hannu a aljihuna, Mama ce ta ba ni. Ina jin ta a jikin cinyata. Na kasa fito da ita a gabansu, don kamar na ce musu hannunsu da datti ne, ga gawa kwance a ɗaki. Na ce in mun fita zan ba shi. Kafin mu kai kwanar katanga ya riga ya share idonsa da hancinsa da hannun. Ya ce, "To, yanzu na ji daidai. Wannan tsakanina da ke ne."

Kwana takwas bayan nan ya kwanta. Sadie ta riga shi kwantawa da kwana biyu.

Sau nawa na tsaya bayan Baba da maganar a bakina. Na tsara ta kamar yadda ake yi a littafi, na san kalmar farko da ta ƙarshe. Da ya juyo sai in ce ko yana son shayi. Da farko tsoron faɗa nake yi. Yanzu tsoron da nake ji shi ne ya dube ni yadda yake duban tagar Mama. Na bar ta ta ɗauki abin da yake nawa, kullum kuma ina kai mata abinci tana cewa na gode.

Ke kika iya magana, Gwaggo. Don Allah ki rubuta masa ki gaya masa. Ko ki tsane ni, na yarda, amma ki gaya masa.

Nessa


Tullybane
14 ga Mayu

Gwaggo Fidelma,

Lafiya kuwa? Mako biyu ke nan. Na lissafa kwanakin hanya zuwa da dawowa, na ƙara kwana uku na gwangwani, har na ƙara biyu don Lahadi, duk sun wuce. Kullum ina bakin ƙofar gona kafin mai kawo wasiƙu ya iso, har ya fara tambayata ko saurayin ya manta da ni.

In fushi kike yi, rubuto layi ɗaya ki ce fushi ne. In ciwo ne, ki sa Ishbel ta kira. Ban san wanda na fi tsoro ba.

Babu abin da ya canza a nan. Mama ta sa labule a tagar da ke kallon gida.

Nessa


Glasgow
15 ga Mayu

Nessa,

Lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba, kunya ce. Na fara wasiƙar nan sau huɗu ina yagawa. Shekara saba'in da tara, na karanta layi ɗaya na yarinya na cika shi da abin da ke cikina tun shekara ashirin. Noreen ba ta taɓa yi mini komai ba sai dai ba 'yar garinmu ba ce. Na rubuta mata na nemi gafara, ban ambace ki ba. Na rubuta wa Conal na ce maganata ta tsohuwa ce mai baƙin ciki, kada ya ɗora komai a kanta. Ban san ko zai ji ba, zuba magana ya fi kwashe ta sauƙi.

Yanzu ki saurare ni. Na san Manus kafin a haifi ubanki. Ranar da aka binne malaminmu na firamare yana kwance da karyayyar ƙafa, ya sa aka tura shi a baro. Da ba ki riƙe shi ba, shi kaɗai zai tafi, ya faɗi a kwata, ya tashi ya ƙarasa. Kwalbar nan ta aljihunki kuwa, ni ma da ba zan fito da ita ba. Ba a haife mu a inda ake wanke hannu bayan ta'aziyya ba.

Ba zan ce miki ba a can ya samo ba. Ban sani ba, likita ma bai sani ba. Ban tsane ki ba, kuma ba na ce ke kika kashe shi. Amma shirun da kika yi bayan nan naki ne, uwarki ce kuma take biya.

Ba zan gaya wa Conal ba. Na riga na yi magana sau ɗaya a madadinki, kin ga abin da ya haifar. In ya ji daga Glasgow, zai riƙa tuna cewa 'yarsa tana gabansa ta kasa. Ki bar tsara ta, 'yata. Ba sai ta fito da kyau ba. Ki same shi yana aiki, lokacin da idonsa ke kan wani abu, ki faɗe ta a karkace yadda ta zo.

Ina nan ina jira, kuma wannan karon a bakin ƙofa zan buɗe.

Gwaggonki


Tullybane
27 ga Mayu

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da ba ciwo ba ne. Duk muna lafiya. An sallamo Sadie daga asibiti, ta rame sosai amma tana tafiya da ƙafarta.

Na faɗa.

Ranar Asabar Baba ya ce in bi shi fadama mu jera tubalan baƙar ƙasar nan da muke ƙonawa a murhu, waɗanda ya yanka, su sha iska. Kin san aikin, mutum yana duƙe, yana tsayar da tubala biyar-biyar, ba mai kallon wani. Mun yi layi uku. A na huɗu sai kawai na ji bakina yana cewa, "Baba, ni na kai Kaka gidan Condy." Daga tsakiya na fara, na koma farko, na manta Declan sai daga baya, kwalbar ma sau biyu na faɗe ta. Ban ɗaga kai ba.

Ya ci gaba da jerawa kamar bai ji ba. Can ya ce, "Wane kwat ya sa?" Na ce baƙin. Ya ce, "Da sabuwar hula?" Na ce e. Sai ya je ya zauna a bakin ramin da ya yanko ƙasar ya cire safar hannu. Ya ce, "Ni ya fara roƙa da safen nan. Na ce masa ya daina abin yara." Ya daɗe yana kallon tudu. Na ɗauka shi ke nan, har na fara jin numfashina yana dawowa. Sai ya ce, "Mako bakwai, Nessa. Mako bakwai kina kallon uwarki a cikin akwatin nan mai taya." Ya tashi ya kama hanyar gida a ƙafa, ya bar motar da muka zo da ita da makulli a jiki. Na zauna na ƙarasa layin don ban san me zan yi ba.

Ban san abin da ya ce wa Mama ba. Da na iso yana zaune a matakalar ɗakinta, ƙofa a buɗe, ita tana ciki. Ranar Lahadi shi da kansa ya ɗauko jakunkunan ya mayar sama.

Washegari ina shanya Mama ta zo ta kama ɗaya bakin zanin gadon. Na fara ba ta haƙuri, ta ce, "Na sani tun tuni." Ashe ranar da ta shiga wanke masa ƙafa ta ga takalmansa na coci a gefen murhu da jar laka, irin wadda babu ita sai a hanyar bayan gidan Sadie. Ta tambaye shi, ya ce, "Kada ki taɓa yarinyar nan, ni na sa ta."

Na ce, "Mama, me ya sa ba ki faɗa ba?" Ta ce, "Babanki yana neman wanda zai ji haushi, ni kuma na fi ki ƙashin ɗauka." Na ce har ta tafi Cork? Ta ce, "Da na je na huta na dawo. Matso da bakin nan, yana jan ƙasa." Muka maƙala zanin. Sannan ta ce, "Ni ma fa na shiga wurinsa, Nessa. Ba wanda zai taɓa sanin ko ke ce ko ni ce ko ba ɗayanmu. Ki bar mini rabi."

Ta ce in gaya miki ta karɓi wasiƙarki, za ta ba ki amsa da hannunta, amma ba wannan watan ba.

Baba yana yi mini magana, ta aiki kawai, kawo wannan, rufe wancan. Bai dube ni sosai ba tukuna. Ban ji sauƙi yadda na zata ba, Gwaggo, Kaka dai ba ya nan, kuma har yanzu in na ɗora dankali sai in ƙirga da nasa. Amma da safen nan tun ina sama na ji muryar Mama a kicin tana yi wa Baba faɗa don ya shigo mata da takalmin garke, shi kuma yana cewa to, to, na ji.

Ki kula da gwiwar. Ki gaishe da Ishbel.

'Yarki,
Nessa